Gwiwa: Gaɓar da Ke Ɗauke da Manomin Fadama

Bahaushe kan ce an ba mutum ƙarfin gwiwa, ko kuwa gwiwarsa ta yi sanyi. Duk wanda ya ga manomin shinkafa a fadamar Ambursa yana yini a duƙe cikin taɓo, ko masunci yana rugawa da homa da gora zuwa Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, zai gane dalilin da ya sa aka jingina himmar mutum ga wannan gaɓa.

Gwiwa ita ce gaɓa mafi girma a jikin ɗan Adam. Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a cikinta: ƙashin cinya, da ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa. A jikin jariri, wannan ƙoƙo guringuntsi ne zalla. Sai tsakanin shekara 3 zuwa 6 yake soma zama ƙashi. Aikinsa shi ne ƙara wa naman gaban cinya ƙarfin miƙe ƙafa.

Jijiyoyi huɗu masu tauri ne ke ɗaure da ƙasusuwan. Biyu suna gefe da gefe, biyu kuma sun gitta juna a ciki, suna hana ƙwauri zamewa gaba ko baya. Tsakanin cinya da ƙwauri akwai faifan guringuntsi guda biyu masu siffar jinjirin wata, waɗanda ke rarraba nauyi kamar yadda gammo ke yi wa mai tallafar tulu. Akwai kuma wani ruwa mai yauƙi da ke hana ƙasusuwan gugar juna.

Nauyin da gwiwa ke sha ba kaɗan ba ne. A tafiya kawai, kowane taku yana aza mata ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, wato kilo 120 zuwa 180 ga mai kilo 60. Idan ya saɓa buhun shinkafa, abin ya ƙaru.

Abin lura shi ne, guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙasusuwan ba shi da hanyoyin jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abinci, yana tsotsa yana fitarwa kamar soso duk lokacin da aka motsa ƙafa. Saboda haka motsi yana ciyar da shi, amma in ya zaizaye da wuya ya farfaɗo. Wannan zaizaya ita ke jawo amosanin gaɓɓai da ke damun dattawa.

Malamai da ɗalibai su kiyaye abu guda. Gwiwar da ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, musamman ga yaro mai ciwon sikila, ba ta maɗori ba ce, kuma ba a yi mata tsaga. Ƙwayoyin cuta suna iya cinye guringuntsin cikin 'yan kwanaki. A garzaya da yaron asibiti a Birnin Kebbi ko Argungu a ranar, domin jinkiri na iya barinsa da ɗingishi har tsufa.