Ƙofar da ke Tantance Baƙi a Jikin Bakteriya

Duk ɗalibin da ya taɓa taya mahaifinsa zuba taki a gonakin Moriki ko Zurmi ya ga haruffan NPK a jikin buhu. Wannan K ɗin ita ce alamar sinadarin fotasiyam, wanda ke cikin tokar murhu. Tsiro na buƙatarsa, mu ma haka, har da bakteriya. To ta ina yake ratsa ƙwayar halitta, alhali tana lulluɓe da tantani mai maiƙo da ba ya barin irin wannan sinadari ya wuce?

Amsar ta fito daga ƙasar gona. Akwai bakteriya mai suna Streptomyces lividans, 'yar dangin waɗanda ke kawo ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. A 1998 Roderick MacKinnon da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Amurka suka gano siffar ƙofar fotasiyam ta wannan bakteriya, wadda ake kira KcsA. Aikin ya ba shi kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 2003.

Furotin huɗu iri ɗaya ne suka haɗu suka yi ƙofar, siffarta kamar mazurari. Ta ciki, sandunan furotin huɗu sun gicciye kamar itatuwan bukka da aka ɗaure a tsororuwa, hanya ta toshe. Idan cikin ƙwayar ya yi tsami, sai furoton su manne a wasu wurare a ƙarshen sandunan, ɗaurin ya saki. Kowace sanda ta lanƙwashe a wata gaɓa, su baje, ƙofa ta buɗe.

Ta waje kuma akwai matsattsen wuri mai aikin rariya. Fotasiyam na yawo ne kewaye da ƙwayoyin ruwa, kuma dole ya tuɓe su kafin ya shiga. Ƙwayoyin oksijin da ke jere a bangon rariyar sun yi masa daidai, sai su maye gurbin ruwan. Sodiyam, sinadarin gishirin miya, ya fi shi ƙanƙanta, amma wurin bai dace da shi ba, don haka da ƙyar yake wucewa. Fotasiyam kuwa miliyoyi ke ratsawa cikin daƙiƙa ɗaya. Jim kaɗan bayan buɗewa, rariyar kanta takan tsuke, ta zama ƙofa ta biyu.

Ina ruwanmu da ƙofar bakteriya? Irinta ce ke cikin jijiyoyinmu da zuciyarmu, tana daidaita bugunta. Wasu sinadaran dafin kunama suna toshe bakinta kamar murfin kwalba. Wasu magunguna ma kan toshe ta zuciya, bugu ya rikice, shi ya sa ake gwada sabon magani a kanta kafin ya shiga kasuwa. Idan malamin bayoloji ya zana tantanin ƙwayar halitta a allo, mu tambaye shi: ina ƙofofin suke, kuma me ke buɗe su?