Ƙunshin Docker: abin da ke faruwa idan takardar bayaninsa ta tsufa

Alƙaluman da ma'aikatan lafiya ke tattarawa duk wata a asibitocin matakin farko na Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, irin su yawan yaran da aka yi wa rigakafi da matan da suka zo awo, ana shigar da su ne a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta. Ita kuma tana ajiye bayananta a rumbun PostgreSQL. Duka biyun ana samun su a shafin Docker Hub a matsayin ƙunshi, don haka matashin da ke koyon wannan sana'a zai iya tayar da su a kwamfutarsa cikin ɗan lokaci.

Ƙunshi, wanda masu harkar ke kira imej, shi ne manhaja haɗe da duk abin da take buƙata don ta yi aiki, an ɗaure su wuri guda. Idan aka kunna shi sai ya zama kwantena. Kamfanin da Solomon Hykes ya kafa ne ya fitar da Docker a 2013. Matsalar ita ce ƙunshi a rufe yake, kamar kwalbar maganin feshi: manomi ba ya ganin haɗin da ke ciki, takardar jikin kwalbar ce ke gaya masa yawan ruwan da zai zuba. Idan aka canza haɗin aka bar tsohuwar takarda, gona ce za ta ƙone.

Ƙunshin PostgreSQL ya nuna hakan har sau biyu. A farkon 2020 masu kula da shi suka daina barin ya tashi babu kalmar sirri. Dole mutum ya saka POSTGRES_PASSWORD, ko ya bayyana ƙarara cewa ya yarda a shiga babu ita. Gyara ne mai kyau, amma duk wani jagora da aka rubuta kafin nan, wanda bai ambaci kalmar sirri ba, ya daina aiki.

Na biyun ya fi haɗari. Duk abin da kwantena ta rubuta a cikinta yana tafiya tare da ita idan aka goge ta, sai dai in an haɗa mata ma'aji na waje a daidai wurin da take rubutu. Shekara da shekaru wurin shi ne /var/lib/postgresql/data. Da sigar 18 ta fito a 2025, sai aka mayar da shi /var/lib/postgresql. Wanda ya kwafi tsohon umarni daga wani bidiyon YouTube zai iya tarar da rumbun ya ƙi tashi, ko bayanansa su sauka inda bai yi zato ba. Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne tambarin latest: ba ya tsaye a kan siga ɗaya, yau yana nuna wannan, gobe wata.

Yadda ake kula da bayanin ƙunsoshin hukuma na Docker abin koyi ne. Suna da ma'aji guda a GitHub, docker-library/docs. Mutum yana rubuta bayani a fayil ɗin content.md, amma jerin sigogin da ake tallafa wa na'ura ce ke cike shi daga ainihin jerin da ake gina ƙunsoshin da shi, ta yadda ba zai saɓa da gaskiya ba. Ƙunshin da aka daina kula da shi, kamar centos, ana maƙala masa gargaɗi a saman shafinsa.

Ƙaramin aiki ba ya buƙatar duk wannan. Ya isa takardar README ta zauna kusa da Dockerfile, a gyara su a lokaci guda, ta faɗi lambar siga, wurin haɗa ma'aji, ƙofar da manhajar ke saurare, da saitunan da ba ta tashi sai da su. Kalmar sirri ta gaske ba ta shiga ciki, misali kawai ake bayarwa.

Wayar Android ta yau da kullum ba ta kunna Docker kai tsaye, amma tana buɗe GitHub. Mai waya a Gagarawa Tasha da ya ga umarnin da ya tsufa zai iya gyara layin daga burauza, ya tura wa masu ma'ajin su duba.