Me ya sa wasu ke zazzaɓi mako guda bayan allurar saran maciji?

A Lolo, garin da ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin a ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, duk manomi ya san tsoron kububuwa. Idan ta sari mutum, aka yi sa'ar samun allura a asibiti, jini kan tsaya a sallame shi. Bayan mako guda kuma sai ga zazzaɓi, ƙaiƙayi, ƙuraje da ciwon gaɓoɓi. Nan take 'yan gida su ce dafin ne ya dawo, ko allurar jabu ce.

Sau da yawa ba haka ba ne.

Daga jinin dabba ake haɗa allurar. Ana ba doki ko tunkiya dafi kaɗan-kaɗan har jikinsu ya ƙera sinadaran kariya, wato antibodi, sannan a tace su. EchiTAb-G da aka yi amfani da ita a Najeriya daga tumaki take, EchiTAb-Plus kuwa daga dawakai.

Sinadaran suna kame dafin, amma a wurin jikin mutum baƙi ne. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki kan haɗiye su, su daddatsa su gutsi-gutsi, su ɗora gutsattsarin a kan wani sinadari mai suna MHC, kamar mai talla da farantinta. Ƙwayoyin T ba sa gane sinadari sukutum, abin da ke kan farantin kawai suke dubawa. Da sun ga baƙo ne, sai su zuga ƙwayoyin B su ƙera makami a kansa. Aikin na cin kwanaki, shi ya sa alamun ke fitowa tsakanin kwana 5 zuwa 14. Tun 1905 likitoci biyu, Clemens von Pirquet da Bela Schick, suka bayyana ciwon a Austriya.

Yawanci yana wucewa, kuma likita na da maganin sauƙaƙa shi. Abin da ke damuna shi ne wanda ya sha wannan wahala ya hana maƙwabcinsa zuwa asibiti, alhali dafin kububuwa kan hana jini daskarewa har ya yi kisa.

Idan jini ne ya sake ɓalle wa mutum, wannan wata magana ce, a koma asibiti ba jira. Wanda kuma aka taɓa yi wa allurar ya sanar da likita, domin ƙwayoyin T ba sa mantuwa, karo na biyu sun fi saurin tashi.