Nana Asma'u da Matan da Ke Ganin Kansu a Cikinta

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ita ce macen da sunanta ke fara fitowa duk inda aka tayar da zancen rubutun mata a ƙasar Hausa. An haife ta a Degel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864, ta bar ayyuka wajen sittin da aka iya tattarawa, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Makarantun 'yan mata da na Islamiyya masu ɗauke da sunanta suna da yawa a Arewa. Shahararta ba ta tsaya a birane ba. A karkarar Kano, a wurare irin Rimin Gado da ke kan hanyar Gwarzo, inda gonakin gero da dawa suka kewaye gidaje ta ko'ina, idan gardama ta tashi a kan a bar yarinya ta ci gaba da karatu ko a aurar da ita, sunan 'yar Shehu na cikin hujjojin da malamar Islamiyya kan kawo, kuma da wuya a sami mai musa mata shi kai tsaye.

Waiwayen wata mace da ta riga kowa ɗaukar alƙalami, a ɗauke ta uwa, ba Hausawa kaɗai ke yin sa ba. A Ingila akwai Aphra Behn, wadda ta rasu a 1689, tana cikin matan farko na ƙasar da suka ci abinci da rubutu. An daɗe ana yi mata kallon marar kamun kai, har sai da marubuciya Virginia Woolf ta fito a 1929 ta nuna cewa duk macen da ta sami bakin faɗar ra'ayinta a rubuce, bashin Behn na kanta. Ko a zamanin Asma'u, lamarin bai gama daidaita a can ba. Jane Austen, wadda ta rasu a 1817, shekarar da Shehu ya rasu, littattafanta sun fito a rayuwarta ba tare da sunanta ba. Mary Ann Evans kuwa sunan namiji ta ara, George Eliot. Asma'u ba ta ɓoye kanta ba. Waƙoƙinta sun yi yawo da sunanta, da yawansu kuma an rufe su da ramzin shekarar da aka tsara su, abin da ya sa yau ake iya jera su bi da bi.

Gidan da ta fito shi ya ba ta wannan dama. Tun kafin a haife ta ilimin mata ya zama abin jayayya a da'awar mahaifinta. Lokacin da Shehu ke yawon wa'azi a Zamfara, wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya aiko da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa, amsar kuwa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi wannan muni. A littafinsa Nurul Albabi ma Shehu ya caccaki malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da 'ya'yansu ba su san ko hukuncin tsarki ba. Asma'u tagwai ce, abokin haihuwarta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu Asma'u na ƙarama, sauran matan Shehu suka raine ta, a hannunsu da hannun mahaifinta da yayyenta ta yi karatu.

Tana da shekara kamar goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga yunwa da gudun hijira da rashin da aka yi a yaƙin Tsuntsuwa da na Alwasa, ta ga faɗuwar Alƙalawa a 1808. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, aminin yayanta Muhammadu Bello. Waɗannan shekaru ne ta mayar waƙa daga baya cikin Fulatanci, ƙanenta Isa ya juya ta zuwa Hausa, aka san ta da Waƙar Gewaye.

Mafi yawan abin da ta rubuta na karantarwa ne. Akwai waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani don sauƙin haddacewa, akwai begen Annabi, akwai gargaɗi a kan Lahira kamar Godaben Gaskiya, akwai Tabshirul Ikhwani na 1839 a kan magani da ayoyi da addu'o'i. Ita ce ta mayar da waƙar mahaifinta ta gargaɗin masu mulki zuwa Hausa, wato Tabbat Haƙiƙa, wadda har yau ake rerawa. Sai dai inda aka fi jin muryarta ita kanta shi ne marsiyyoyi. Ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a 1837, ta yi wa mijinta, abin da ba zai ba kowa mamaki ba. Abin lura shi ne ta yi wa maƙwabciyarta Halima, macen da ba sarauniya ba ce, ba kuma babbar malama ba, ta yabe ta da haƙuri da zumunci da sulhunta mutane. Tarihin wancan zamani cike yake da sunayen sarakuna da kwamandoji. Sunan mace irin Halima bai tsira ba sai don wata mace ta ga ya cancanci tawada.

Wani abu da masu yabonta kan tsallake shi ne ita ma waiwaye ta yi. Bello ya rubuta Kitabun Nasiha a kan mata salihai, ya nemi ta mayar da shi waƙa, ta yi da Fulatanci da Hausa, aka san ta Hausar da Tawassuli ga Mata Masu Albarka. A ciki ta taso daga matan Annabi da 'ya'yansa, ta biyo ta kan su Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Nafisa ta Misra, sannan ta sauko gida ta sa matan jama'ar Shehu da ta sani da idonta, irin su Joda Kawuri da 'Yar Hindu da Amina Lubel. Silsila ta ƙulla, wadda macen ƙauye za ta saurara ta ji cewa hanyar da Rabi'a ta bi ba ta ƙare a Bagadaza ko Basra ba, ta iso har unguwarsu. Abin da matan yau ke yi da sunan Asma'u, shi ta yi da sunayen waɗanda suka gabace ta.

Babban aikinta na zahiri shi ne 'Yan Taru, tsarin da ta kafa a wajajen 1830 zuwa 1840. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙauyuka da ribaɗoɗi sun cika da matan da ba su da karatu, da yawansu bori suka sani a matsayin mafaka idan ciwo ko baƙin ciki ya zo. Matar aure mai ƙananan yara ba ta da halin tafiya Sakkwato neman ilimi. Sai Asma'u ta zaɓi dattijai mata masu amana daga kowane yanki, ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan matan da ba su yi aure ba, su taho a ƙasa, su kawo abin da ya sauƙaƙa na hatsi da zuma da man shanu da zane, wanda ake raba wa mabuƙata. Su haddace waƙoƙi, su koma su shiga gida gida suna koya wa waɗanda ba su fito ba. Malfar nan ba a banza aka zaɓe ta ba: alama ce da aka san Innar Gobir, shugabar bori, da ita. Asma'u ta ɗauki alamar ikon da mata suka riga suka sani ta ɗora wa malama. Dabara ce ta wadda ta san mutanenta. Zaɓin harshe ma haka: mai iya rubuta wa wani malamin Shingiɗi baitocin Larabci, ita ce ta zauna tana auna Hausar da mai surfe za ta riƙe da ka.

Kano na da nata rabon a wannan gida. Ƙanwarta Maryam ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ta karantar da matan gidan sarki, kafin ta koma gida bayan rasuwarsa. Ita ce ta riƙe 'Yan Taru bayan Asma'u, daga ita sai wata mai suna Ta Modi.

Da Turawa suka zo boko ya danne ajami, ayyukanta suka koma hannun zuriya da tsofaffin da suka haddace su. Wanda ya adana kaso mafi girma shi ne Waziri Junaidu, tattaɓa-kunnenta, wanda ya rasu a 1997. Shi ya buɗe wa wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, taskarsa. Boyd ta zo Arewa a 1955 a matsayin malamar makaranta, ta shafe shekaru tana bin rubuce-rubucen, ta fitar da tarihin rayuwar Asma'u a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga tarin ayyukan gaba ɗaya, littafi mai shafi fiye da 700. Daga nan sunan ya shiga jami'o'in duniya, har wasu Musulmi mata baƙar fata a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa ƙungiyar karatu da sunan 'Yan Taru. A gida kuwa ƙungiyoyi irin FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, suna kafa hujja da ita a kan ilimin mata.

Marubutan ƙagaggun labarai su ne rukunin da aka fi jingina mata. Hafsatu Abdulwahid ta Kano ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, littafin labari na farko da mace ta buga da Hausa. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tun ba ta kai shekara 14 ba, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sai Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Bilkisu Funtuwa da wasu da dama suka biyo. An yi musu ca, aka kira aikinsu adabin kasuwar Kano, aka zarge su da ɓata tarbiyya, har ta kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007. Kariyar da suka riƙa kawowa ita ce faɗakarwa suke yi, cikin harshen da matan gida ke ji, a kan matsalolin da matan gida ke ciki. Ta wannan fuska kamanninsu da Asma'u gaskiya ne, domin yadda waƙar jaji ke tsallake zaure ta isa tsakar gida, haka littafin aro da karatun labari a rediyo ke isa ga matar kulle a Rimin Gado da ba ta taɓa shiga kantin littattafai ba.

Amma kamannin na da iyaka, kuma kowa Asma'un da ta dace da shi yake ɗauka. Mai rajin kare haƙƙin mata na ganin jaruma da ta yi gogayya da maza a fagen ilimi, ya manta ba ta nemi rushe kulle ko tsarin auren zamaninta ba. 'Yan Taru ma an tsara shi ne yadda karatu zai iske matar aure a ɗakinta. Mai ra'ayin riƙau na ganin 'yar Shehu mai biyayya, ya manta mace ce da ta yi mu'amalar ilimi da manyan malamai, sarakuna na jin maganarta, ta kuma tura mata suna ratsa daji da ƙafa saboda karatu. Ba ta rubuta labarin soyayya ba, ta dai yi waƙar murnar nasarar yaƙi, kamar ta yaƙin Gawakuke na 1836. Sannan gatan da ta samu ba na kowa ba ne: uba Shehu, wa Sarkin Musulmi, miji Waziri, ɗanta Abdulƙadir shi ma Waziri. Marubuciyar da ta tara kuɗin adashe ta kai rubutunta maɗaba'a ba daga wannan tudu ta taso ba.

Giɓin da ya fi girma shi ne tsakanin sanin sunan da sanin aikin. Da yawan waƙoƙinta da Fulatanci ta tsara su, Fulatancin da matasan Kano ba sa ji. Na Hausar kuwa Sakkwatancin ƙarni na 19 ne, cike da kalmomin Larabci, a rubutun ajami. Tarin da aka buga a 1997 ya zo da matanin asali, amma sharhinsa da fassararsa da Ingilishi suke, kuma ba littafin da ake samu a teburin mai sayar da littattafai ranar kasuwar ƙauye ba ne. Ɗalibar sashen Hausa a Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Danfodiyo na iya nazarin waƙoƙin a aji, yayin da ɗalibar Islamiyyar da ke zaune ƙarƙashin allon da aka rubuta sunan Nana Asma'u kan sauke karatunta ba a biya mata ko waƙa ɗaya daga cikinsu ba.