Marfin Taga Mai Kama da Katako a Gidajen Funtua da Malumfashi

A tsohon ginin ƙasar Hausa, inda ake ɗora bango da tubali a rufe soro da azara, taga ƙaramar kafa ce da ake bari can sama, domin iska ta shiga ba tare da idon mai wucewa ya faɗa cikin ɗaki ba. Faffaɗar taga mai marfin katako ta yaɗu a kudancin Katsina a zamanin cinikin auduga, bayan layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa Funtua.

Sai dai katako yana da abokan gaba a wannan yanki, domin damina takan kumbura shi har marfi ya ƙi rufuwa, hunturu ya tsage shi, gara kuma ta cinye cikinsa ta bar fenti kawai. Itatuwa masu jure wannan, irin su maɗaci da ƙirya, sun yi ƙaranci yayin da gonakin masara da waken suya suka mamaye daji.

Saboda haka magidanta suka koma ga kwaikwayo iri biyu. Na farko marfin ƙarfe ne da mai walda yake ƙerawa, sannan mai fenti ya shafa launi mai haske, ya bi da ruwan ƙasa mai duhu, ya ja shi da matsefin roba tun bai bushe ba, har jijiyoyin itace su fito. Na biyu kuwa na PVC ne, wato roba mai tauri da ake sarrafawa daga gishiri da man fetur, wadda gara ba ta ci, ruwa ba ya ruɓar da ita, ko da yake mai arahar takan lanƙwashe idan ranar bazara ta daɗe tana dukanta, kamar yadda ƙarfe yake ɗaukar zafi ya zuba cikin ɗaki.

Abin da ya kamata mai gini ya tambaya, kafin kyan launi, shi ne ko marfin yana da siraran tsagogi masu karkata, waɗanda ke barin iska ta ratsa, su tare rana, su kare sirrin iyali. Marfin da ya cika wannan ya gaji aikin tagar kakanni, ya kuma bar maɗacin bakin gona a tsaye.