Baƙin allon kwamfuta da aikin da yake ragewa

Yawancin masu amfani da kwamfuta sun taɓa cin karo da wani baƙin allo wanda ba hoto a cikinsa, ba wurin dannawa, sai ɗan layi yana ƙiftawa yana jiran a rubuta abu. Da yawa sukan rufe shi da sauri, a zatonsu sun taɓo abin da bai kamata ba. A Windows sunansa PowerShell ko Command Prompt, a Mac da Linux kuwa Terminal ake ce masa. A nan ne mutum yake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa maimakon ya nuna mata da linzami. A ganina, duk wanda aikinsa yake da maimaici ya yi asara idan bai koyi umarni biyar ko shida na wannan allo ba, ko da kuwa bai taɓa shiga ajin kimiyyar kwamfuta ba.

Asalin da yawa daga cikin waɗannan umarni daga ɗakin binciken Bell Labs ne a Amurka, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina tsarin Unix a 1969. Abokin aikinsu Doug McIlroy ya dage a kan cewa kowace manhaja ta tsaya a kan aiki ɗaya ta ƙware a kansa, sannan a samu hanyar miƙa abin da ta fitar ga wata ta ɗora. A 1973 aka samar da wannan hanya, wadda ake rubutawa da tsayayyen layi kamar haka: |. Ka ɗauki grep, wanda aikinsa kawai ya tsamo layukan da ke ɗauke da wata kalma, da sort mai jerawa, da wc mai ƙirgawa. Kowannensu shi kaɗai ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma magatakardan da ke riƙe da sunayen ɗalibai dubu uku zai iya haɗa su a layi guda ya tsamo 'yan wata ƙaramar hukuma, ya jera su bisa haruffa, ya san adadinsu, kafin wani ya gama buɗe fayil ɗin da linzami.

Da tsohuwar zuma ake magani, kuma waɗannan kayan aiki sun fi dacewa da inda intanet ke yankewa, data ke tsada. Umarnin wget, wanda ya fito a 1996, idan aka ƙara masa -c yakan ci gaba da sauke fayil daga inda ya tsaya maimakon ya koma farko. A shekarar ne kuma Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da rsync a Ostiraliya. Idan kana ajiye kwafin aikinka a wani faifai, abin da ya canza kawai yake kwashewa, ya bar sauran. Sai ffmpeg, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2000. Da layi ɗaya yakan rage nauyin bidiyon biki ya zama mai sauƙin turawa ta WhatsApp, ko ya cire sautin karatu daga bidiyo ya bar shi a saurara a waya. Ko VLC da mutane suka saba kallo da ita, da kayan ffmpeg take buɗe fayiloli masu yawa. Masu rubutun Hausa ma suna da rabo: tsofaffin rubuce-rubuce da aka buga da k' da d' saboda rashin haruffa masu lanƙwasa, umarnin sed yana mayar da su ƙ da ɗ a fayil ɗari a lokaci guda. Duk waɗannan kyauta ne, kuma tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsu ba tare da ta yi nauyi ba.

Wani zai ce ai akwai manhajoji masu hoto da ke yin duk wannan, ga shi umarnin sai an haddace, da Turanci kuma. Akwai gaskiya a ciki. Wanda zai gyara hoto ɗaya ko ya rubuta wasiƙa, linzami ya fi masa. Bambancin yana fitowa ne idan hotunan sun kai ɗari biyar, domin danna linzami ba ya ajiyuwa, amma umarni rubutu ne: ana adana shi, a sake amfani da shi gobe, a tura wa abokin aiki ya yi daidai abin da aka yi. Haddar kuwa ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, tunda yawancin umarnin suna bayyana kansu idan an rubuta --help a bayansu.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne haɗari. Umarnin rm yana goge fayil ba tare da ya bi ta kwandon shara ba. A 1998, a kamfanin Pixar, an yi kuskuren ba da shi a kan fayilolin fim ɗin Toy Story 2, mafi yawansu suka tafi, sai kwafin da wata ma'aikaciya ke da shi a gida ya ceci aikin. Wannan dalili ne na yin hattara da ajiye kwafi, kuma rsync ɗin nan shi ne maganinsa.

Mai Windows zai samu waɗannan umarni ta WSL, wanda Microsoft ya fito da shi a 2016, mai wayar Android kuma ta manhajar Termux. Ka fara gwaji a kan kwafin fayilolinka, kuma kada ka manna wani umarni da ka tsinta a intanet sai ka san abin da kowane ɓangarensa yake yi.