Hoton Bature a Bakin Talaka

Kakata ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma in ta tashi kwaikwayon Di'o a tsakar gidanmu na Sakkwato, sai ka rantse ga shi nan tsaye. Ta kifa ƙwarya a ka, ta maƙale muciya a hammata, ta turo ƙirji tana magana ta hanci. Mu kuwa mu zube muna "Zaki! Zaki!" har dariya ta kayar da ita.

Tun da aka gwabza a Giginya ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira, mutanen garin nan suke ƙare wa Nasara kallo. Malamanmu ba sa son zanen mai rai, saboda haka baki ya karɓi aikin. Hula mai baki a gaba ta zama hana-salla. Sharwood-Smith, wanda ya yi Razdan a nan kafin ya zama Gwamnan Arewa, da Mai Wandon Ƙarfe aka san shi. Ni dai ban ga mai zanen da zai fi wannan suna iya fito da mutum ba.

Mutanen Nahuwa na Meziko, da Sifaniyawa suka ci birninsu a 1521, su da fenti suka yi nasu. Sukan zana jami'i da gemu da hula, zaune kan kujera mai naɗewa, riƙe da doguwar sandar shari'a. Sunan Mendoza, wakilin Sarkin Sifaniya na farko a can, ya yi musu nauyi a baka, sai suka zana tsiron da suke kira metl da wata dabba mai kama da gafiya, tozan: me-toza. Zanen bai tsaya a raha ba. A kundin Osuna na 1565, da irinsa suka kai ƙarar manyan jami'ai kan aikin da aka sa su ba a biya ba.

Maƙwabtanmu na Nijar da jiki suka zana. A 1925, a ƙasar Filinge, iskokin Babule suka fara hawa mutane: a yi fareti, a sara, a yi tsawa irin ta soja. Kwamandan Faransa Crocicchia ya kama mutanen ya kulle a Yamai. Ba a jima ba shi ma ya shiga sahun iskokin, da sunan Kumandan Mugu.

Sanda ce ta fi tsaya mini a rai. Ita ce a hannun alƙalin Sifaniya, ita ce kuma Turawa suka shigo da ita cikin naɗin sarakunanmu, har yau gwamna ke miƙa sandar girma ana busa algaita. Kakata kuwa, da ta gama wasanta, takan ɗauraye tata ta koma tuƙa tuwon dare.